Ku Tambayi Malamin Daji: Mun dasa 400, saura 23

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata kamar an haɗa baki, kusan duka a kan itace suke. Ba mamaki, bazara ta kama, kowa ya fara wasa gatarin sassabe. Na zaɓi shida. Masu tambaya a kan maganin feshi su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Baba Malam, barka da aiki. Ni ne sakataren ƙungiyar samarin garinmu a ƙasar Daura. Bara muka yi karo-karo muka sayi dashe 400, darbejiya da turare da mangwaro, muka dasa a bakin hanya da filin idi. Har hakimi ya zo ya dasa na farko. Yau da nake rubuto maka saura 23. Yara sun karaya, wasu na cewa kuɗinmu muka zuba a rijiya. Mu sake, ko mu haƙura?

AMSA: Ɗana, 23 cikin 400, ai kun fi ni. Shekara 31 na yi ina aikin gandun daji, kuma duk damina sai mun yi bikin dashe. A kafa rumfa, a kawo makaɗa, babban baƙo ya durƙusa a kan darduma don kada babbar rigarsa ta ɓaci, ya tura ƙasa da hannu ɗaya, a tafa. Akwai ramin da na san mun dasa masa itace sau huɗu. Duk shekara mu rubuta sabon adadi a takarda mu aika sama, rami kuwa na nan yana jiran na baɗi.

Abin da ke kashe dashe ba ɓoyayye ba ne. Yawanci sai damina ta yi nisa ake tuna shi, ƙarshen Agusta, saura mako biyar ko shida ruwa ya ɗauke. Saiwarsa ta nannaɗe cikin leda, tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, sannan a ce ta jure wata bakwai ba ɗigon ruwa. Wanda rani ya bari, akuya ta ƙarasa. Amma babban ciwon shi ne dashen bakin hanya ba shi da uba. Na kowa ne, saboda haka ba wanda zai tashi da asuba ya kai masa bokiti.

Kafin ka ci gaba da karatu, je ka dubi 23 ɗin nan. Na yi imani za ka tarar yawancinsu a kusa da wurin alwalar masallaci suke, ko gefen mai shayi, ko ƙofar gidan wata tsohuwa da ta kewaye nata da ƙaya tana zuba masa ruwan wanke-wanke. Su ne malamanku, ba ni ba.

Yanzu bari in ba ka labarin da ya sauya mini tunani, ko da yake ya zo mini a makare. A farkon shekarun 1980 akwai wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da ke aikin dashe a Maraɗi. Irin wahalarku ya sha, ya dasa ya mutu, ya sake ya mutu. Wata rana a 1983 yana jan tirela cike da dashe, ya tsaya ya rage iskar taya saboda rairayi. Yana tsaye sai idonsa ya faɗa kan ɗan tsiron nan da muke sarewa duk bazara muna cewa ciyawa ce. Ya matsa ya dubi ganyen, ya ga ashe itace ne. An sare uwar tun da daɗewa, amma kututturen na nan da rai, saiwarsa ta nutse ƙasa, duk shekara tana turo toho, duk shekara manomi na aske shi. Dajin bai tafi ko'ina ba, yana ƙarƙashin gona.

Ba Bature ne ya ƙirƙiro barin itace a gona ba, kakanninmu sun san shi, kuma a wasu yankunan Damagaram manoma da kansu suka koma masa ba tare da kowa ya zo da mota ba. Abin da aka yi a Maraɗi shi ne aka mai da shi aiki mai tsari, aka raɗa masa suna sassabin zamani. Kuma bai karɓu da sauƙi ba. A yunwar 1984 an riƙa ba mutane abinci da sharaɗin su bar toho a gonakinsu. Da rabon abinci ya ƙare, kusan kashi biyu cikin uku suka koma suka sare. Ragowar da suka bari su ne suka fara samun itacen girki a gonarsu, suka ga iska ta daina binne musu shuka. Maƙwabci ya leƙo ta kan iyaka, gani ya kori ji. Bayan shekara 20 da wani abu, da masu bincike suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Ba gandun renon dashe, ba tankar ban ruwa.

Kai da kake ƙasar Daura ba sai ka yarda da ni ba. In hanya ta yi kyau, ku ɗauki mutum biyar ku bi ta Kwangwalam ku shiga ƙasar Matamaye, ko ku zaga Magarya. Ku dubi yawan gawon da ke tsaye cikin gonakin mutane, ku lura yawancinsu matasan itatuwa ne. Ƙasa ɗaya ce da tamu, ruwan sama ma namu ya ɗan fi.

Ga yadda ake yi. Ranar sassabe, in ka iso kututturen kalgo ko sabara ko magarya da ya turo toho 20 ko 30, kada ka share duka. Tsuguna ka zaɓi uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran. Wuƙa ko adda ta kasance mai kaifi, kuma ka yi sara daga ƙasa zuwa sama, don in ka saro daga sama ɓawon zai ɓare ya bi jikin wanda ka bari. Waɗanda ka zaɓa ka rage musu ƙananan rassa har zuwa rabin tsayinsu, ka bar kan. Ɗaura wa ɗaya tsumma, ja in da hali, don yaro mai neman kirare ya san da mai shi. Bayan wata uku ko huɗu ka sake zagayowa ka cire sabon tohon da ya fito. Ruwan da saiwar ke raba wa 30 yanzu na biyar ne, shi ya sa cikin shekara biyu sai ka ga sun wuce kanka. Ku fara da kamar 40 a hekta, wato eka biyu da rabi.

Ban ce ku daina dashe ba. Cikin gari babu kututture, dole a dasa, kuma hadisi ya tabbata cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga abin da Musulmi ya dasa, sadaka ce gare shi. Amma bana ku sayi 60 kawai. Ku dasa a farkon Yuli da zarar ƙasa ta jiƙu, ku cire ledar, kowane ɗaya ku rubuta sunan gidan da ya karɓe shi. Ragowar ƙarfin samarinku ku kai shi gayyar sassabe a gonakin iyayenku. Hakimi kuma ku gayyace shi a watan Afrilu ya zo ya ƙirga masu rai.

TAMBAYA: Malam, na gwada barin itace a gonata shekara biyu ke nan. Maƙwabta na ce mini rago, wai gonata ta koma daji. Ni ma ina tsoron inuwa ta kashe mini gero, tsuntsaye kuma su samu wurin sauka. Daga wani manomi a ƙasar Gumel.

AMSA: Ɗan'uwa, na Maraɗi mahaukata aka ce musu, kai rago kawai aka ce maka, ka gode Allah. Mu malaman gona da na daji mu muka koya wa mutane cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas kamar filin ƙwallo, don garmar shanu ta wuce ba tuntuɓe. Laifinmu ne, ba na maƙwabtanka ba.

Tsoron inuwa gaskiya ne, amma ya danganta da itacen. Gawo dai Allah ya yi shi a juye: da damina, lokacin da gero ke son rana, sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, da rani, lokacin da kowa ya bushe, sai ya yi kore shar. Ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi irin yadda wake da gyaɗa ke yi, dabbobi kuma su kwanta a inuwarsa da rani su bar maka kashi. Da kaka ka yanko zangarniya ɗaya daga gindin gawo, ɗaya daga tsakiyar fili, ka ajiye su gefe da gefe a gaban masu zaginka. Ba banza ba ake ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani kan duk wanda ya sare gawo.

Kalgo da sabara ba su kai gawo ba, sai dai suna tare rairayi da ganyen da iska ke kwasowa, kuma sarar rassansu a hannunka take. In sun yi duhu ka rage kafin shuka. Wanda ba na so a tsakiyar gona shi ne turare, shan ruwansa ya yi yawa. Darbejiya ma a bar ta a kan iyaka.

Ka tuna da iskar farkon damina, wadda ke zuwa da yashi ta yanke shuka tun tana ganye biyu, har mutum ya yi shuka sau uku a shekara ɗaya. Irin da ka daina asararsa, sa shi cikin lissafi. Tsuntsu kuwa zai sauka, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma jan-bakin da ke cinye gona ɗungurungum daga fadama yake tasowa, irin kachallar da ta cika ƙasar Haɗeja da Nguru. Gonar da ba itace ko ɗaya ma ba ya tsallake ta.

TAMBAYA: Baba, ku maza kullum a rediyo kuna cewa a daina sare itace. To da me za mu dafa tuwo? Gas ya fi ƙarfinmu, gawayi kullum tashi yake, kara kuma maigida ya ce na dabbobi ne. Ku faɗa mana abin da za mu sa a murhu. Daga wata uwar yara bakwai a Kazaure.

AMSA: 'Yata, kin yi gaskiya, kuma duk mai wa'azin itace da bai taɓa hura wuta da ɗanyen kara idonsa na hawaye ba, ya kamata ya ji wannan wasiƙa. Ni ban taɓa cewa a daina sara ba. Sassabin zamani ma ai sara ne. Rassan da ake ragewa duk wata uku kirare ne, tun shekarar farko. In kututture na da toho biyar, duk shekara ana iya yanke babba ɗaya a bar sabo ya maye gurbinsa, uwar na nan. A ƙauyukan Maraɗi mata ne suka fi riƙe abin da hannu biyu, don su ne da ke yini a daji neman itace, yanzu kuwa daga gona ake ɗauko shi, har a sayar da ragowa. A ƙasar Mirriya akwai matan da kuka ce jarinsu, ganyenta suke shanyawa su kai kasuwa.

In kina da gayauna, fara a can, ba sai kin jira kowa ba. In babu, ki karanta wa maigida amsar farko, ki ce ni na aiko.

Sai murhu. Duwatsu uku a tsakar gida, iska na kaɗawa, rabin wutar sararin Allah take dafawa. Ki sa a kwaɓa yumɓu da kashin jaki ko ƙaiƙayi, a kewaye duwatsun har zuwa wuyan tukunya, a bar ƙofa ɗaya ta itace da 'yar kafar hayaƙi. A bari ya bushe kwana biyar kafin a hura. Ki ƙirga kwana nawa damin itace ke yi miki yanzu, ki sake ƙirgawa bayan an gina.

Wanda nake jin haushi ba ke ba ce. Masu tirelar gawayi ne, da suka ƙarar mana da kirya da marke, itatuwan da sai sun shekara aru-aru kafin su isa sassaƙa turmi.

TAMBAYA: Malam, in na rena itace a gonata, nawa ne ko na hukuma? Kuma me zan yi da makiyayan da ke hawa gawo da dare su sassare rassa? Daga wani mai karatu a ƙasar Gwadabawa.

AMSA: Wannan tambaya ta taɓa mini tsohon miki. Ina sabon ma'aikaci, da kakina da kekena, na tarar da wani dattijo ya yanke reshe ɗaya daga gawon gonarsa zai gyara rumbu. Gawo na cikin itatuwan da doka ta kare. Na karɓe gatarin, na rubuta masa tara. Ya ce, "Yaro, wannan da hannuna na rene shi tun yana kamar sandar kiwo." Na ce doka ba ta san wannan ba. Ya biya, bai ƙara cewa uffan ba. Da bazara ta zagayo na bi ta gonar. Ƙananan gawo fiye da goma da na gani bara, ko ɗaya babu, ya tone su har saiwa ya ƙone wurin. Na daɗe tsaye riƙe da keke. Shekaru da yawa suka wuce kafin in yarda cewa ni na sare su.

Haka ta faru a Nijar. Tun dokar Turawan Faransa ta 1935 itace na hukuma ne, manomi kuwa ya ga ba dalilin renon abin da zai jawo masa tara. Abin bai bunƙasa ba sai da aka sassauta, mutane suka tabbata abin da suka rena nasu ne. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka buɗe hanya, a 2020 kuma aka fitar da doka ta musamman a kan sassabin zamani. A Nijeriya dokar daji ta jiha ce, kowace da tata. Shawarata, kada ka je kai kaɗai. Ku haɗu ku goma, ku ɗauki mai unguwa, ku je wurin malamin daji na ƙaramar hukumarku tun kafin ku fara, ku nuna masa gonakin, a rubuta cewa ku kuka rena kuma kuna da izinin rage rassa. Yawancin na yanzu sun fi mu hankali.

Batun makiyaya, ka fara da sanin cewa kusan duk gawon da ke gonarka dabba ce ta shuka shi. Ƙwayarsa tauri gare ta, ta fi tsirowa in ta bi ta cikin saniya ko akuya. Da can akwai amana: bayan girbi Bafulatani ya sauka a gonarka, shanu su ci kara da 'ya'yan gawo, su bar maka taki, har ka ba shi damin gero. A Ɗan Saga, wani ƙauye a jihar Maraɗi da ya yi suna a wannan aiki, da suka kafa kwamitin tsaron itatuwa sai suka sa mata a ciki, suka sa makiyaya. Wanda aka zauna da shi aka yanke doka, da wuya ya hau itace da dare. Ku ma ku kira arɗo, ku yarda a kan lokacin kaɗe 'ya'ya da irin reshen da za a taɓa, a bar kan itacen. Ku kuma manoma ku dubi burtalin da kuka cinye da noma. Na san akwai yankunan da yanzu zuwa gona ma sai da addu'a, ba da su nake ba. Allah ya kawo mana ƙarshen abin.

TAMBAYA: Yaushe Babbar Ganuwar Itatuwa za ta iso garinmu? Daga wani ɗalibi a Gashuwa.

AMSA: Ɗana, Tarayyar Afirka ta amince da shirin a 2007, da niyyar jera itatuwa kilomita wajen 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti. Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, tana aiki a jihohi 11, Yobe na ciki. Amma masu shirin da kansu sun bar maganar layi ɗaya miƙaƙƙe, sun koma ga farfaɗo da gonaki da makiyaya wuri-wuri, kuma abin da manoman Nijar suka yi na cikin dalilan. Saboda haka ba wata katanga da za ka hango tana tahowa daga yamma. Je ka gonar babanka ka ƙirga kututture.

TAMBAYA: Baba, gādona ya faɗo a kan fako. Ƙasa kamar siminti, ruwa na sauka ya gudu, ko kututturen da kake magana babu. In sayar? Daga wani matashi a ƙasar Illela.

AMSA: Kada ka sayar tukuna. Ba ka faɗa mini wace Illela ba, ta Sakkwato ko ta jihar Tawa. In ta Tawa ce, amsarka na bayan gidanku. A 1989 aka ɗauki wasu manoman Illelar Tawa aka kai su yankin Yatenga na Burkina Faso, ƙasar marigayi Yakuba Sawadogo, suka ga ramukan da Mosawa ke kira zai. Suka dawo suka gwada, a Nijar ake ce musu tassa. Bayan 'yan shekaru fakon da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa.

Da rani ake haƙawa, yanzu ke nan. Rami faɗin taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, zurfin rabin haka zuwa taƙi, tsakanin rami da rami taku ɗaya. Ƙasar da ka tono ka tara ta a gefen gangare, ta zama kamar leɓe mai tare ruwa. Layi na biyu kada ya daidaita da na farko, ya faɗa tsakaninsu, don ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya faɗa wancan. Kowane rami ka zuba masa taki cike da tafi biyu. Gara za ta zo cin takin, kada ka kore ta, ita ce ma'aikaciyarka: tana huda ƙasa, ruwa na bin hanyarta yana nutsewa. In ruwa ya sauka ka shuka gero ko dawa a ciki. Takin kuma na ɗauke da ƙwayar gawo da aduwa da magarya da dabbobi suka ci, za ka ga sun tsiro tare da hatsin. A nome a bar su.

Aikin akwai cin rai, hekta guda na cin rami dubbai, kuma fartanya ba ta shiga fako, sai diga. Kada ka ce za ka gama bana. Auna taku 20 a tsaye, 20 a kwance, a wurin da ruwa ya fi bi, ka kira abokanka gayya, ku fara bayan asuba ku tashi kafin hantsi ya yi zafi. Da kaka ka ɗaure abin da wurin ya bayar daban, ka rubuto mini dami nawa ne.